Garba, goro da ƙwallo: Yawon da na yi a ƙasar Kwaddibuwa

Ƙannena ɗalibai, bari mu fara da ɗan lissafi. A Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka da aka yi a ƙasar Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024, Super Eagles ta buga wasa bakwai. Kowane wasa minti 90 ne, kuma a ɗaya daga ciki an yi ƙarin minti 30. In kun haɗa za ku samu minti 660, wato awa 11, ban da 'yan mintocin da alƙalin wasa ke ƙarawa. Amma daga wasanmu na farko zuwa na ƙarshe kwana 29 ne cur. To, wanda ya bar gida ya bi ƙungiyarsa, me zai yi da sauran lokacin?

Na ga 'yan kallo da suka ƙarar da shi a ɗakin masauki suna latsa waya. Ni da abokan tafiyata biyu gari muka shiga. Abin da muka gani, da wanda muka ci, da wanda muka sha, shi nake so in ba ku labari, domin a nan ne muka samu mafi yawan ribar tafiyar.

Iyaka huɗu kafin a isa

Ta mota muka je. Daga Legas zuwa Abijan tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, a kan hanyar da ke bin gaɓar teku. Mun tsallake iyaka huɗu: daga Najeriya zuwa Binin, daga Binin zuwa Togo, daga Togo zuwa Gana, sannan daga Gana zuwa Kwaddibuwa. Kuɗin aljihunmu ma sai da ya sauya kama: Naira ta koma Sefa, Sefa ta koma Sidi a Gana, sannan muka sake komawa Sefa. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza a wannan hanya saboda yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS, amma dole ya riƙe fasfonsa da katin rigakafin shawara, wanda kusan kowace iyaka sai an tambaya.

Muna shiga Kwaddibuwa sai gonaki suka fara: kwakwar manja, itatuwan roba da aka jera kamar 'yan makaranta a layi, da abarba. Agogo ma sai da muka mayar da shi baya, domin Najeriya na gaba da su da awa ɗaya. A kan allunan hanya kuwa kalma ɗaya ce ke ta maimaituwa: Akwaba. Ma'anarta barka da zuwa, kuma shi ne sunan da aka raɗa wa giwar da aka zana a matsayin alamar gasar.

Birnin da ruwa ya ratsa

Abijan birni ne mai mutum sama da miliyan biyar, an gina shi a gefen wani babban tafki da ake kira Ebriye, wanda ke haɗe da teku. Ruwan ya raba unguwanni, don haka gadoji ne jijiyoyin garin. Mafi tsufa a cikin manyan gadojin an buɗe ta a 1957, sabuwar da ta haɗa unguwar Kokodi da tsakiyar gari kuwa a 2023 aka buɗe ta, watanni kaɗan kafin gasar.

Unguwar dogayen benaye da bankuna sunanta Filato, kamar sunan jiharmu. A nan filin wasa na Félix Houphouët-Boigny yake, inda muka doke Gini Bisau da 1-0, muka cire Kamaru da 2-0, muka kuma fitar da Angola da 1-0. Ƙwallaye ukun da aka ci Kamaru da Angola duk Ademola Lookman ne ya zura su. A Filato ɗin dai akwai babban masallaci mai shuɗiyar ƙubba, inda muka yi sallar Juma'a, akwai kuma majami'ar Saint Paul da aka kammala a 1985, wadda siffarta ta yi kama da mutum ya buɗe hannuwa yana jan wani abu da igiyoyi.

Hanyar zirga-zirga iri uku muka fi amfani da ita. Akwai gbaka, wato ƙaramar bas mai yaron mota da ke rataye a ƙofa yana kiran unguwanni. Akwai woro-woro, tasin haɗaka, kowace unguwa da launin motocinta. Sai wadda ta fi burge ni, bas ɗin ruwa. Jirgi ne da ke ɗaukar ma'aikata da 'yan makaranta daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuɗinsa kaɗan, kuma ba ruwansa da cunkoson motoci. In kana ciki da yamma za ka ga benayen Filato sun kwanta a kan ruwa, ga masunta a kwalekwale suna jefa koma a ƙarƙashin gada.

Abincin da ya ari sunan mutum

Abincin da ya fi kowanne farin jini a Abijan shi ne aceke. Da rogo ake yin sa. Mata kan fere rogon, su niƙa, su zuba masa ɗan rogon da aka riga aka tsima, su bar shi ya kwana. Daga nan sai a matse ruwan, a murza shi ya zama ƙananan ƙwayoyi, a shanya, a turara. In ya fito kamar dambu yake, fari tas, da ɗan tsami-tsami. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya fasahar yin aceke a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Idan aka zuba aceke a faranti, aka ɗora masa soyayyen kifin tuna, da yankakken attarugu, da albasa, da tumatir, aka yaryaɗa man da aka soya kifin, aka marmasa ɗan dunƙule a kai, to sunansa ya koma garba. Ƙwarai kuwa, Garba dai da kuka sani. Mutanen garin sun ce sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi, waɗanda da yawansu sunansu ke nan. Har yau in ka leƙa rumfunan garba, za ka tarar da yawa masu jin Hausa ne ke tsaye a bakin kasko.

Me ya sa tuna, ba wani kifi ba? Saboda tashar jiragen ruwan Abijan na cikin manyan wuraren sauke tuna a Afirka. Kamfanonin da ke sa kifi a gwangwani sukan zaɓi wanda ya dace da ma'auninsu, ragowar kuma ya shiga kasuwa da araha. Da wannan ragowar aka gina abincin da yau ke riƙe da ɗalibai da leburori da direbobin birnin. Da hannu ake ci, a kan benci, kuma kai za ka nuna yankan kifin da kake so da cokali mai yatsu.

A unguwar Ajame muka samu rumfar da ta zame mana gida. Mai ita dattijo ne daga wajen Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya ce ya fi shekara talatin a garin. Ranar farko da muka tambayi kuɗi sai ya ce, "Dala ɗari-ɗari ne." Ga inda lissafin ya sake shigowa. A bakin Hausawan ƙasashen da ke kashe Sefa, dala ɗaya tana nufin Sefa 5. Don haka dala ashirin Sefa 100 ce, dala ɗari kuma Sefa 500, sannan Sefa 1,000 ita ce jaka guda. Ku gwada: nawa ne dala ɗari da hamsin?

Wannan dattijo ne ya faɗa mana maganar da ta zauna mini. Ana gobe za mu kara da masu masauki a zagayen farko, ya dube mu da korayen rigunanmu ya ce, "Samari, ku ji. Ku baƙi ne, raɓa ne ku, gobe rana na fitowa kun tafi. Mu nan muke, nan 'ya'yanmu ke makaranta. In kun ci, ku yi murna da hankali. In an ci ku, ku haɗiye. Duk abin da kuka yi a titi, a kanmu za a rubuta shi."

Na ce, "Baba, in sha Allahu ba za ka ji kunya ba."

Washegari, 18 ga Janairu, muka ci su 1-0 da bugun fenaritin William Troost-Ekong. Mun yi tsalle a cikin fili har muryoyinmu suka dushe, amma da muka fito titi sai muka rage sauti.

Sauran abin da ke cikin tukunya

Bayan garba akwai aloko, wato soyayyar agada da ta nuna lugub, ana ci da yaji da dafaffen ƙwai ko gasasshen kifi. Akwai kejenu, kaza ce da ake dafawa da kayan miya a cikin tukunyar ƙasa a rufe ruf, ba a zuba ruwa ba, ba a kuma sa ludayi. Girgiza tukunyar kawai ake yi lokaci-lokaci don kada ta kama. Da safe kuwa akwai 'yan rumfuna irin na masu shayinmu, inda ake ba ka kofi da madarar gwangwani da dogon burodi mai kama da sanda, an tsaga shi an cusa wainar ƙwai.

Zafin Abijan ba irin namu ba ne. Mun baro hunturu a gida, muka tarar da gumi mai danƙo wanda ko a inuwa ba ya barin mutum. Abin sha uku ne suka cece mu. Na farko bisaf, wanda ba komai ba ne illa zoɓonmu, sai dai sukan sa masa na'ana'a. Na biyu nyamakuji, ruwan citta mai yaji da ke buɗe maƙogwaro, ya dace da wanda ya yini yana ihu a fili. Na uku ruwan ɗanyar kwakwa, a sare maka ita a gabanka ka kafa kai.

Ga wata shawara. Gidajen abincin da suka fi yawa a garin su ne waɗanda ake kira maki, kuma da yawansu suna sayar da giya, wasu har da naman alade. Ba wanda zai ji haushi don ka tambayi abin da ke cikin tukunya kafin a zuba maka. Matambayi ba ya ɓata. Ruwan sha ma mun tsaya ne a kan na gora mai hatimi, domin ciwon ciki a ranar wasa ba ƙaramar asara ba ce.

Filin wasa a garin goro

Babban filin gasar, wanda aka sa wa sunan Alassane Ouattara, yana Ebimpe ne a arewacin Abijan. An buɗe shi a 2020, yana ɗaukar mutum 60,000. A nan muka yi kunnen doki 1-1 da Ikwatoriyal Gini a wasanmu na farko, ranar da ɗan Kano Alhassan Yusuf ya taka leda a tsakiyar fili.

Filin yana cikin yankin garin Anyama, kuma Anyama ta yi suna ne da goro. Mun ware yini guda muka zaga rumfunan 'yan goro. Za ka ga mata sun baje shi suna ware fari da ja, manya da ƙanana, suna fitar da mai tsutsa. Maza kuma suna shimfiɗa ɗanyen ganye suna ɗaure huhu, yadda goron zai yi doguwar tafiya bai bushe ba. Daga nan manyan motoci ke kwasarsa zuwa ƙasashe irin su Mali da Senegal da Nijar da Najeriya. A harshen Jula, wanda shi ne harshen kasuwa a can, sunansa woro. Ku ji yadda ya yi kusa da namu.

Wanda ya karanta tarihin fatake zai gane abin da yake kallo. Shekaru aru-aru da suka wuce kakanninmu kan ɗaure kaya a kan jakuna, madugu na gaba, su yi watanni a hanya zuwa Gwanja a arewacin Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Jakunan sun koma tireloli, amma cinikin bai mutu ba. Mai yiwuwa goron da aka raba a ɗaurin auren unguwarku ya bi ta hannun waɗancan matan na Anyama.

Tsohon gari a bakin teku

Kimanin kilomita 40 gabas da Abijan akwai Grand-Bassam. Nan ne Turawan Faransa suka fara kafa hedikwatar mulkinsu a 1893, kafin annobar shawara ta kore su. Tsofaffin gidajensu na nan, masu faffaɗan baranda da dogayen tagogi, wasu an gyara, wasu kuma itatuwa sun tsiro a cikinsu har saiwoyi sun rungume bango. Gidan gwamna na da shi ne yanzu gidan adana tufafin gargajiya na ƙasar. A 2012 UNESCO ta sanya garin a jerin wuraren tarihi na duniya.

Bakin tekun na da kyau, ga rairayi ga inuwar kwakwa. Sai dai igiyar ruwan wurin na da ƙarfin ja, kuma mutanen garin da kansu suka gargaɗe mu. Mun tsoma ƙafa iya idon sawu, muka koma gefe muka ci gasasshen kifi.

Hanyar arewa

Wasan kusa da na ƙarshe a Buwake aka yi shi, kusan kilomita 350 daga Abijan. A hanya mun ga 'ya'yan koko an shanya su a rana. Kwaddibuwa ce ta fi kowace ƙasa noman koko a duniya, amma mafi yawansa waje ake fita da shi, kuma cakulan ɗin da ke kanti ya fi ƙarfin aljihun manomi. Wannan tambaya ce da za ku iya kai wa malaminku na tattalin arziki.

Mun yada zango a Yamusukuro, mahaifar shugaban ƙasar na farko, Houphouët-Boigny, wanda ya mulki ƙasar daga 1960 har rasuwarsa a 1993. Shi ya mayar da garin babban birni a 1983. Tituna ne faɗa-faɗa, motoci kaɗan. Tun daga nesa za ka hango ƙubbar wata majami'a da tsayinta ya kai mita 158, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya buɗe a 1990, tana cikin mafiya girma a duniya. Kusa da fadar shugaban kuma akwai tafki cike da kadoji, suna kwance a bakin ruwa baki buɗe kamar gumaka.

Buwake kuwa gari ne da ya ga wuya. Lokacin yaƙin basasar da ya ɓarke a 2002, ƙasar ta rabu biyu, Buwake ta zama cibiyar 'yan tawaye. A watan Oktoban 2005, bayan ƙungiyar ƙasar ta doke Sudan ta samu gurbin zuwa Gasar Kofin Duniya a karon farko, Didier Drogba da abokan wasansa suka durƙusa a gaban kyamara suka roƙi a ajiye makamai. A 2007 kuma ya nemi a kai wasansu da Madagaska Buwake, aka kai, suka ci 5-0, mutanen ɓangarorin biyu na zaune a fili ɗaya. Sunan filin Filin Zaman Lafiya.

A cikinsa ne ranar 7 ga Fabrairu muka sha da ƙyar a hannun Afirka ta Kudu. Muna gaba da 1-0, Victor Osimhen ya ƙara ta biyu, muna cikin murna sai na'urar tantancewa ta soke ƙwallon, aka kuma ba abokan karawa fenariti suka farke. A bugun daga kai sai mai tsaron gida, Stanley Nwabali ya tare biyu, muka wuce da 4-2.

Daren 11 ga Fabrairu

Masu masaukin da muka sake haɗuwa da su a wasan ƙarshe, saura ƙiris a yi waje da su tun zagayen farko. Ikwatoriyal Gini ta lallasa su 4-0, aka sallami kocinsu ana tsakiyar gasa, aka miƙa ƙungiyar ga mataimakinsa Emerse Faé. Nasarar da Maroko ta yi a kan Zambiya ce ta ba su damar tsallakewa. Daga nan suka cire Senegal da Mali da Kwango.

A daren, filin Ebimpe ya rine da ruwan goro, launin rigarsu, mu 'yan kore kamar ɗigon miya a tuwo. Troost-Ekong ya ci mana da ka kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo Franck Kessié ya farke. A minti na 81 Sébastien Haller, wanda a 2022 aka gano yana da ciwon daji, ya yi jinya ya dawo fili, ya sa tsinin takalmi ya karkata ƙwallo cikin raga. Aka tashi 2-1. Kofinsu na uku ke nan, sun kamo mu.

Fitowa daga fili da koriyar riga a wannan dare jarrabawa ce. Titi ya cika maƙil, ana kiɗa, ana busa, yara na bin mu suna kwaikwayon kukan kaza, wai mikiyar ta zama kaza. Zuciya na tafasa, amma maganar dattijon Ajame na kunnenmu. Muka riƙa ɗaga hannu muna taya su murna da ɗan Faransancin da muka tsinta. Abin mamaki, duk wanda muka yi wa haka sai tsokanar ta koma musabaha. Wani matashi ya roƙi mu yi musayar riga, wata mai aloko ta tura mana faranti ta ce mu ci mu huce. Gwamnati ta ba da hutu washegari, mu kuma muka je muka yi wa dattijon sallama. Ya ce labari bai zo masa ba, kuma rashin labarin shi ne abin da yake so.

Guzurin mai niyya

Watakila a cikinku akwai wanda wata rana zai bi Super Eagles ko wata ƙungiya zuwa wata ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Darasin Faransancin da wasunku ke gudu, shi ne ya raba wanda ya iya tambayar hanya da farashi da wanda ya koma magana da hannu. Ku tuna Nijar da Binin da Chadi da Kamaru, maƙwabtanmu huɗu, duk ana amfani da Faransanci a cikinsu. Taswirar da ke bangon ajinku ma ku riƙa tsayawa a gabanta.

Ga aikin wannan mako: ku nemo Abijan da Yamusukuro da Buwake a taswira, ku bi hanyar da muka bi daga Legas da yatsa, ku rubuta sunan babban birnin kowace ƙasa da muka ratsa. Wanda kuma yake da kaka ko kakan da ya san fataucin goro, ya zauna kusa da shi ya tambaye shi labarin Gwanja.